Keken ɗinki da zaren da suka dace da tampol, kambas da yadin kait: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke yawan fitowa daga bakin masu ɗinka rumfar biki, tanti, labulen Adaidaita Sahu, jakar goyo da murfin mota, da kuma masu haɗa kait, wato abin nan mai fiffike da ake ɗaura wa igiya iska ta ɗaga shi sama. Yadin kait shara-shara ne, tampol kuwa kauri gare shi, amma larurarsu ɗaya: rana da iska suke sha kullum, kuma duk ramin da allura ta huda a jikinsu ba ya rufewa.

Keken da nake ɗinka kaftani da shi zai iya wannan aikin?

Idan baƙin keke ne irin Butterfly, wanda aka ƙera a kan tsarin Singer 15, zai yi fiye da yadda ake zato. Cikinsa duk ƙarfe ne, kuma ƙugiyarsa mai kai-da-komo, wadda ke kamo zare a ƙarƙashin yadi, tana haƙuri da zare mai ɗan kauri. Da allura lamba 18 da zaren Tex 70 (ma'aunin kaurin zare ne, bayaninsa na gaba) zai ɗinka ninki uku ko huɗu na kambas matsakaici, da yadin jaka irin Cordura 500D. Inda yake gazawa wuri uku ne: takalminsa, wato ƙarfen da ke danne yadi, ba ya ɗagawa sama da kamar milimita 6, tsawon ɗinkinsa bai wuce milimita 4 ba, kuma haƙoran ƙasa kaɗai ke jan yadi, shi ya sa ninkin sama kan tsaya a baya.

Kekunan gida na zamani masu jikin roba da zane-zanen ɗinki barkatai sun dace da yadin kait, amma a raba su da tampol. Da yawansu giyar cikinsu ta roba ce, ranar da allura ta cije a kan ninki shida aka tilasta ta, giyar ce za ta fara lalacewa.

To keken indostiriya da ke shagon teloli fa? Ai shi ne mai ƙarfi.

Nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗi. Irin su Juki DDL-8700, da takwarorinsa na Two Lion, Emel da Jack, don sauri aka yi su, ba don kauri ba. DDL-8700 na iya yin ɗinki 5,500 a minti, amma a kan shadda da atamfa, da allura daga lamba 9 zuwa 18. Shi ma haƙoran ƙasa kaɗai ke ja masa yadi, kamar baƙin keke.

Ana iya ƙara masa kuzari: a sa faranti mai faffaɗan rami, da haƙora manya, a ƙara matsin takalmi, a rage gudun moto. Da haka zai ɗinka jakar makaranta da labule marar nauyi. Akwai kuma samfurin da ke da harafin H a ƙarshen lambarsa, wanda aka tanada don yadi mai kauri. Amma wanda zai riƙa ɗinka tampol kullum, amsa ta gaba ce tasa.

Mene ne keke mai takalmi mai tafiya, kuma me ya sa ake cewa shi ne na tampol?

Keke ne mai takalmi biyu, na ciki da na waje, suna ɗagawa bi da bi. Yayin da ɗaya ya danne yadi ya ja shi baya tare da haƙoran ƙasa, ɗayan yana sama yana shirin sauka. Saboda haka ninkin sama da na ƙasa tare suke tafiya, kuma idan aka zo kan tudu, inda haɗi ya haɗu da kalmasa, keken hawa yake yi maimakon ya tsaya yana huda wuri ɗaya.

Iri biyu ne a kasuwa, kuma farashinsu ya bambanta. Na farko sama da ƙasa ne kawai ke ja, allura na tsaye a wurinta, kamar Typical GC0303 da sauran masu lamba 0303. Na biyu har allurar ma tana tafiya da yadin tana cikinsa, kamar Juki DNU-1541 da LU-563, da Consew 206RB, da Pfaff 1245, da tsohon Singer 111W155. Na biyun ya fi riƙe yadi mai santsi da fata. Domin tampol da kambas dai na farkon ya wadatar, kuma kayan gyaransa sun fi saukin samu.

A duba abu uku kafin a biya: tsawon ɗinki ya kai milimita 8, takalmi ya ɗaga aƙalla milimita 12 da gwiwa, kuma kwarkwaro, wato abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai, ya zama babba. Zare mai kauri na cinye ƙaramin kwarkwaro nan da nan, kuma duk inda ya ƙare a tsakiyar rumfa, an samu wurin da ɗinki zai fara warwarewa.

Dole ne sai keke mai zigizag?

Ga tampol, tanti da jaka, a'a. Ɗinki miƙaƙƙe layi biyu ya isa. Ga kait da filafilan jirgin ruwa kuwa zigizag ya fi, domin yadin yana miƙewa idan iska ta cika shi, miƙaƙƙen ɗinki ba ya bin sa, sai ya tsinke ko ya yaga yadin. Zigizag yana buɗewa ya koma, kuma ramukansa ba a layi ɗaya suke ba. Mafi kyau shi ne zigizag mai taki uku, wanda allura ke huda sau uku a kowace karkata: yana kwantar da haɗi mai faɗin milimita 6 lumui ba tare da ya tattare shi ba.

Singer 20U, da teloli ke yi wa aikin wuya da shi, zigizag ɗinsa mai taki ɗaya ne amma mai faɗi, kuma yana yin kait sosai. Masu kait a Turai suna son tsofaffin Pfaff irin 1222 saboda ɗan yatsan da ke bayan takalmi yana jan ninkin sama. Sailrite LSZ-1 na Amurka ya haɗa zigizag da takalmi mai tafiya a ƙaramin jiki, sai dai tsada.

Wane zare: nailan, foliyesta ko auduga?

Duk abin da zai kwana a waje, foliyesta. Nailan ya ɗan fi shi ƙarfi ranar da aka saya, amma hasken rana na cin sa da sauri, yana shan ruwa, yana kuma miƙewa. Rumfar da aka ɗinka da nailan za ka ga tampol ɗin lafiya lau, amma ka sa farce ka karce ɗinkin sai ya zube kamar gari. Nailan ya dace da jaka, takalmi, kujerar mota da bel, inda ake son zare ya ɗan miƙe kuma ba rana yake sha ba.

Auduga zalla tana ruɓewa da damina. Amma akwai zare mai zuciyar foliyesta da rigar auduga da ake ɗinka tantin kambas da shi: idan ya jiƙe audugar na kumbura ta toshe ramin allura. Akwai kuma zaren wata roba da ake kira PTFE, irin Tenara, wanda rana ba ta yi masa komai har yadin ya mutu ya bar shi. Kuɗinsa ya ninka na foliyesta sau da yawa, kuma santsinsa na wahalar da saiti.

Idan ba a rubuta komai a jikin dunƙulen ba, a lura cewa zaren masana'anta mai sheƙi da ake sayar wa masu takalmi da jaka galibi nailan ne. A tambayi mai shago takamaimai, kada a tsaya ga "mai ƙarfi ne".

Lambobin da ke jikin zare sun ruɗa ni: Tex 70, V-69, 210D/3, 40/2. Yaya ake karanta su?

Tex shi ne mafi sauƙi: nauyin mita 1,000 na zaren a giram. Tex 70 na nufin mita 1,000 sun yi giram 70, don haka lamba na hawa, kauri na ƙaruwa. Lambobin V na Amurka kusan daidai suke da shi: V-46 shi ne Tex 45, V-69 Tex 70, V-92 Tex 90, V-138 Tex 135. Wanda aka rubuta da D, kamar yawancin zaren da ke zuwa daga Sin, sai a ninka lambobin biyu a raba da 9. Misali 210D/3: 210 sau 3 ya ba da 630, a raba da 9, Tex 70 ke nan. Haka 150D/3 ya zama Tex 50, 420D/3 kuma Tex 140.

Sauran tsarin biyu a juye suke, ƙaramar lamba ce mai kauri. Zaren teloli 40/2 wajen Tex 27 zuwa 30 ne, 20/2 wajen Tex 60, 20/3 wajen Tex 90. Lambar tikiti ta Turai ma haka: 60 ta yi daidai da Tex 45, 40 da Tex 70, 30 da Tex 90, 20 da Tex 135.

A aikace: Tex 30 zuwa 45 ga kait, Tex 70 ga jaka, labule da ƙaramin tanti, Tex 90 ga rumfa da tampol, Tex 135 ga murfin babbar mota da madauri. Keken gida iyakarsa Tex 70.

Wace allura ke tafiya da wane zare?

Zare ake fara zaɓa bisa ga aikin, sannan allurar da zaren ke so, sannan a tambaya ko keken zai ɗauki wannan allura. Wanda ya fara da keke yakan ƙare yana cusa zare mai kauri a siririyar allura. Tex 30 yana son 70/10 ko 80/12. Tex 45 yana son 90/14. Tex 70 yana son 100/16 ko 110/18. Tex 90 daga 110/18 zuwa 125/20. Tex 135 daga 125/20 zuwa 140/22. Lambar farko kaurin allurar ne: 110 na nufin milimita 1.1.

Gwajin da ba ya ƙarya: a zura allurar a zare mai tsawon kamu ɗaya, a riƙe bakin biyu a miƙe, a karkata shi rabi. Idan allurar ta zame da nauyin kanta, sun dace. Idan ta maƙale sai an girgiza, ta yi ƙanƙanta. Idan kuma ta yi girma fiye da kima, ramin zai fi zaren faɗi, ruwa ya samu hanya (duba amsar yoyon tampol).

Allura ai allura ce, ko akwai bambanci bayan lamba?

Akwai, kuma ba sa shiga wa juna. Keken gida da baƙin keke suna ɗaukar 130/705H, wadda ake rubutawa HAx1, mai gefe ɗaya a shafe. Indostiriyan teloli DBx1. Mafi yawan masu takalmi mai tafiya DPx17, wato 135x17, wadda ta fi tsawo. Idan aka sa wadda ba ta keken ba, ƙugiya ba za ta tarar da zare a inda take jiransa ba.

Bakin allura ma iri-iri ne. Mai tsini zagayayye shi ne na duk abin da aka saƙa: kambas, tampol, madauri, yadin kait. Allurar fata, irin 135x16, bakinta wuƙa ne, tana yanka zaren saƙar da ke cikin tampol ta raunana shi, don haka a bar ta ga fata. Wajen sakawa, ta gefen dogon kwarin da ke jikin allura ake zura zare, gefen da aka ɗan rarake kuma ya fuskanci ƙugiya. A canza allura bayan kamar awa takwas na aiki, ko da zarar an ji tana ƙwanƙwasa yadi maimakon ta huda shi shiru.

Zaren babban dunƙule yana murɗewa yana ƙullewa kafin ya kai allura. Me ke kawo haka?

Babban dunƙule ta sama ake jan zarensa, shi kuma yana zaune ba ya juyawa. Idan aka ɗora shi a kan ƙaramin sandan zare na keken gida yana juyi, nauyinsa zai riƙa fizgar zaren, matsi ya rikice. A ajiye shi a bayan keke, a sa waya mai ƙugiya daidai saman tsakiyarsa, tsayinta kamar ninki biyu na dunƙulen. Idan zaren na zubowa ƙasa yana naɗe gindi, a sa masa ragar roba.

A nemi zaren da aka shafe da gam ya haɗe silinsa wuri ɗaya. A jikinsa akan rubuta bonded. Ba ya tarwatsewa a idon allura. Kuma keke mai allura ɗaya zare mai murɗin hagu yake so, wanda ake yi wa alamar Z. Mai murɗin dama ƙugiya na warware shi a hankali har ya tsinke.

Tsawon ɗinki nawa ya kamata?

Ya fi na tufafi tsawo. Ga kait milimita 3 zuwa 4, ga jaka 3.5 zuwa 4, ga kambas 4 zuwa 5, ga tampol mai roba 5 zuwa 6. Mutane na ganin ɗinki ƙanana ya fi ƙarfi, amma a yadin da aka shafe da roba jerin ramuka kusa da kusa tamkar layin hujin da ke littafin rasit ne: nan zai yage. Saboda wannan dalili ba a maimaita ɗinki sau uku a layi ɗaya, kuma ba a farke ɗinki a sake bin tsofaffin ramuka. Idan an yi kuskure, sabon layi ya matsa gefe da milimita 3 ko fiye.

Zare na taruwa a ƙasan yadi ya yi curi. Ƙoshiya, wato gidan da kwarkwaro ke zama, ce ta lalace?

Kusan kullum matsalar daga sama take. Zaren sama ne bai samu matsin da zai ja ƙullin ya shige cikin yadi ba. A ɗaga takalmi, a zare zaren gaba ɗaya, a sake zura shi takalmin na sama, domin a lokacin ne faifan matsi ke buɗe. A sauke takalmi a ja zaren da hannu: ya kamata a ji tauri sosai. A yadi mai kauri mutum kan manta bai sauke takalmi ba, don ko a ɗage yake yana taɓa yadin, kuma wannan kaɗai na kawo curi. A farkon kowane layi a riƙe wutsiyar zare biyun da yatsa har ɗinki uku.

Idan an ƙure matsin sama amma har yanzu ƙulli na leƙowa ta ƙasa, sai a koma ga ƙoshiya. Zare mai kauri na cika ƙarƙashin ɗan ƙarfen matsinta, sai a sassauta sukurun kaɗan, kwata-kwatan juyi a lokaci guda. A riƙe zaren a rataye ƙoshiyar da kwarkwaro a ciki: kada ta zube da kanta, amma in an ɗan girgiza hannu ta sauka kaɗan ta tsaya. Dabara mai kyau ita ce a ajiye ƙoshiya biyu, ɗaya ta zaren tufafi, ɗaya ta mai kauri da aka ɗiga wa fenti. Ana gwada saiti a kan ƙyallen yadin da za a ɗinka, da adadin ninkinsa, ba a kan wani tsumma ba.

Keken na tsallake ɗinki, musamman a kan tudu.

A bi dalilan daga mai arha zuwa mai tsada. Na farko allura: ta lanƙwashe, ta dakushe, ba ta kai ƙarshen raminta ba, ko ba irin ta keken ba ce. Na biyu matsin takalmi: idan ya yi sauƙi, yadi mai kauri na biyo allura sama lokacin da take fita, zaren ba ya yin ɗan lanƙwasar da ƙugiya za ta kama. Na uku siririyar allura da ke kaucewa gefe idan ta haɗu da tauri, sai a hau lamba ɗaya. A kan tudu kuma takalmi na karkata, gabansa sama, bayansa ƙasa. A naɗe ƙyalle daidai kaurin tudun a cusa a bayan takalmi ya daidaita, a juya wili da hannu har a wuce. Bugun tudun da guduma a kan katako kafin ɗinki na rage shi sosai. A kusurwa, kada a juya yadi sai allura ta kai ƙasa ta fara tasowa kaɗan.

Idan duk wannan bai yi ba, saitin ƙugiya ne. Yawancin kekuna, allura na tasowa wajen milimita 2 zuwa 2.5 daga ƙasa sannan bakin ƙugiya ya iso tsakiyarta, ɗan sama da ido, ya kusa shafarta ba tare da ya taɓa ba, tazarar bai wuce kaurin takarda ba. Kowane keke da ma'auninsa a littafinsa. Wanda bai saba ba ya kira mai gyara, ya kuma ba shi allura da zaren da zai yi aiki da su ya saita a kansu.

Zare na tsattsagewa yana tsinkewa a bakin allura.

Allura ta yi wa zaren ƙanƙanta, ko wani wuri ya yi kaifi a hanyarsa. Duk lokacin da allura ta karye takan bar tabo a bakin ƙugiya, ramin faranti ko ƙasan takalmi. A bi su da farce, inda aka ji ƙaiƙayi a goge da samfefa mafi laushi. Zafi ma na narkar da zare: gudu a kan tampol ko madauri na sa allura ta yi zafin da ba a iya taɓa ta. A rage gudu, ko a bi da zaren ta cikin ɗan soso mai man silikon. Amma kada man ya taɓa wurin da za a manna daga baya, gam ba ya kama shi.

Yadin kait na zamewa yana tattarewa. Yaya ake riƙe shi?

Yadin da ake amfani da shi nailan ne ko foliyesta mai saƙar murabba'i da ke hana yagewa ta yi nisa, nauyinsa tsakanin giram 30 zuwa 60 a murabba'in mita. Icarex PC31, alal misali, giram 31 ne. Ba a sa masa fil. Ana amfani da salatif mai gam gaba da baya, mai faɗin milimita 6: a manna a gefen ɓangare ɗaya, a ɗora ɗayan a kai, a danne, sannan a bi da zigizag. Kada a ja yadin yayin mannawa, in ba haka ba kait zai fito da gefe ɗaya ya fi tsawo, ya riƙa karkata a sama. Idan gam ya taru a allura, a goge da auduga da sifirit.

A sassauta matsin zare sama da ƙasa fiye da na tufafi, a yi amfani da allura mai tsini sosai lamba 70 ko 80, a riƙe yadin gaba da baya a miƙe ba tare da an ja shi ba. Yanka kuwa da ƙarfe mai zafi ake yi, irin na masu gyaran rediyo da aka fiƙe bakinsa, a kan gilashi, a bi jikin rula ta ƙarfe. Zafin na narke gefen ya hana zarewa. A yi shi a wuri mai iska, kuma kada a yanka tampol na PVC da zafi, hayaƙinsa guba ne.

Layin saƙar ya bi gefen da zai ɗauki nauyi, domin yadin na miƙewa ta kusurwa. Gefen gaba, da aljihun da sanda ke shiga, da inda ake ɗaura igiya, ana ƙarfafa su da yadin Dacron mai kauri.

Tampol na manne wa takalmi, kuma bayan ɗinki yana yoyo.

Mannewa: a sa takalmin roba fari mai santsi, ko mai ƙananan tayoyi. In babu, a manna salatif a ƙasan takalmin ƙarfe, ko a shimfiɗa siririyar takarda a kan layin a yage bayan ɗinki. Nauyin tampol ɗin kansa ma matsala ne. Mai giram 650 a murabba'in mita idan ya rataya daga tebur yana jan allura gefe, ɗinki ya gajarce. A haɗa tebura gaba da hagu, a naɗe ɓangaren da zai bi ta cikin hannun keke, wani ya riƙa karɓa ta baya ba tare da ja ba.

Yoyo kuwa daga ramin allura ne. A yi amfani da allura mafi ƙanƙanta da zaren zai yarda da ita, a tsawaita ɗinki, a ɗora ɓangaren sama a kan na ƙasa yadda ruwa zai gangara ya wuce bakin haɗin. Sannan a manna tsirin tampol a kan layin da gam ɗin PVC, ba gam ɗin takalmi ba. Rufin da ruwa zai kwanta a kai gara a haɗa shi da bindigar iska mai zafi da abin murzawa, a bar ɗinki ga gefuna. Yadin tanti da aka shafe da silikon kuma, gam mai silikon kaɗai ke kama shi.

Wane haɗi ya fi ƙarfi, kuma yaya ake ɗinka madauri?

Haɗin da aka ɗora gaba da gaba aka ɗinka aka buɗe shi ne mafi rauni, don nauyi duka a kan zare yake. A ɗinka, a kwantar da bakin biyu gefe ɗaya, a sake bi ta sama: wannan ya isa ga rumfa da murfi. Ga tanti a kalmashe bakin su shige cikin juna kamar gefen wandon jins, a bar santimita 1.5 zuwa 2. Kalmasar gefe ta zama ninki biyu mai faɗin santimita 4 zuwa 5, da igiya ko madauri a ciki, zoben ƙarfe kuma ya huda ninkin duka, tazarar kamar santimita 50. A kusurwa a ƙara faci biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma, don kada nauyi ya ƙare a layi guda.

Madauri ana ɗinka shi da akwati mai gicciye a ciki. Masu masana'anta na ƙiyasta ƙarfin ɗinki ta ninka adadin ɗinki da ƙarfin zare da 1.5. Tex 70 na tsinkewa a wajen kilo 5, don haka ɗinki 40 zai ba da kusan kilo 300 a lissafi, kafin rana da gogayya su ci rabonsu. Wannan lissafin na jaka da rumfa ne. Bel ɗin da mutum zai rataya da shi a bene ko majanyin ɗaga kaya da ƙugiya ba aikin shago ba ne, sai wanda aka gwada a masana'anta.

A ƙarshen layi a koma baya ɗinki uku ko huɗu, a yanke zare a bar milimita 3, a taɓa shi da wuta a danne ya zama ɗan kai.

Moto fa? Keken na fizgewa da gudu, ga matsalar wuta.

Moton kuloci da ke zuwa da yawancin kekuna yana juyi 2,850 a minti, kuma yana aiki ko ba a ɗinki. Aiki mai kauri a hankali ake yin sa. Hanya mafi arha ita ce a canza fulin moto, wato faifan da bel ke hawa, zuwa ƙarami, na milimita 45 ko 50, da bel ɗin da ya dace: gudu ya ragu, ƙarfin huda ya ƙaru. Akwai kuma moton mai juyi 1,425. Mafi daɗi shi ne moton da ake kira servo, na wat 550 ko 750, wanda ake saita gudunsa da maɓalli, ba ya juyi sai an taka, shi ya sa ya fi dacewa da sola da ƙaramin janareta. Sai dai allon lantarkinsa ba ya son wuta mai hawa da sauka, a haɗa shi da sitabilaiza. Keken ƙafa ma ba abin rainawa ba ne a nan, don ƙafa na jin tauri kafin allura ta karye.

Zan sayi na hannu. Me zan duba, kuma yaya zan kula da shi?

A tafi da yadin aiki, da zare, da allura. A ɗinka ninki biyu a haura kan shida a sauko, a ga ko tsawon ɗinki ya canza. A gwada komawa baya: ya kamata allura ta faɗa kusan cikin ramukan da ta yi. A kama sandar allura a girgiza, kada ta yi wasa. A duba bakin ƙugiya da haske, a tambayi ko ana samun irinta a kasuwa. Fenti sabo ba hujja ba ne, sau da yawa tsohon keke mai ƙoƙaƙƙen fenti da ba a taɓa cikinsa ba ya fi.

Kulawa kuwa, farin man keke kaɗai, ba man gyaɗa ba, ba baƙin mai ba. Ɗigo ɗaya a hanyar ƙugiya duk bayan 'yan awanni na aiki, sauran ramukan mai kowace safiya. Kambas na zubar da gari, tampol na barin ɓurɓushin roba, ga ƙurar hunturu, don haka a cire faranti kowane mako a share tsakanin haƙora da buroshi, a rufe keken idan an tashi. Bayan sa mai a fara ɗinka tsumma, musamman kafin a ɗora farin yadin kait, wanda tabon mai ba ya fita daga jikinsa.